Daga Rufe Ƙofa Zuwa Tatsar Aljihu: Shekara Ɗari na Ɗalibi Baƙo a Birtaniya

A watan Mayun 2024, wasu ɗalibai 'yan Najeriya suka fito riƙe da kwalaye a harabar Jami'ar Teesside da ke garin Middlesbrough, a arewacin Ingila. Abin da ya fito da su shi ne kuɗin makaranta da ya gagare su biya a kan lokaci, bayan darajar naira ta zube, tanadin da suka yi a gida ya narke a banki. Jami'ar ta dakatar da su daga karatu, ta miƙa sunayensu ga ma'aikatar cikin gida, ita kuwa ta rubuto musu cewa su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar. Jami'ar ta ce dokar biza ce ta ɗaure mata hannu. Daga baya, da surutu ya yi yawa, ta sassauta wa wasunsu.

Wanda ya ji labarin a ranar zai ɗauka tsautsayi ne na shekara guda. Amma ruwa ba ya tsami banza. Irin wannan riƙo da ake yi wa ɗalibi baƙo a Birtaniya yana da saiwa mai tsawon shekara ɗari. Kamanninsa ne kawai suke sauyawa.

Zamanin da ɗaki ya fi digiri wuyar samu

Kafin 1948, lokacin da aka buɗe kwalejojin jami'a a Ibadan da ƙasar Gold Coast, wato Gana ta yau, ɗan Afirka ta Yamma da ke son zama lauya ko cikakken likita ba shi da wata hanya sai ya hau jirgin ruwa. Turawan mulki ba su gina masa jami'a a gida ba, sai dai akwai kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, wadda 'yan mishan suka kafa. Idan kuma ya je ya yi karatun ya dawo, wani shingen na jiran sa: tun 1902 aka ware babban rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma ga Turawa zalla, komai ilimin baƙar fata.

A Landan, jarrabawar farko ba a aji ake yin ta ba, a bakin ƙofa ake yin ta. Ɗalibi zai ga sanarwar ɗakin haya, ya ƙwanƙwasa, mai gida ta leƙo ta ga fuskarsa, ta ce ai yanzun nan aka kama ɗakin. Wadda ta yarda ta karɓe shi, sau da yawa sai ta ɗora masa kuɗin da ba ta ɗora wa Bature. Babu dokar da ta hana hakan. Harold Moody, ɗan Jamaika da ya gama karatun likita a King's College a 1910 da kyakkyawan sakamako, an hana shi aiki a asibiti saboda launin fatarsa, sai da ya buɗe wurin duba marasa lafiya na kansa a unguwar Peckham.

A cikin wannan hali Ladipo Solanke, mutumin Abeokuta, ya isa Landan karatun lauya a 1922. Ranar 7 ga Agusta, 1925, shi da Dokta Herbert Bankole-Bright na Saliyo suka tara ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WASU. Sun gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babban abin da suke buƙata shi ne gida nasu na kansu. Solanke ya dawo Afirka ta Yamma a 1929, ya shafe kusan shekara uku yana bin garuruwa da fadojin sarakuna yana tara gudummawa. Da wannan kuɗi aka buɗe masaukin ƙungiyar a titin Camden a 1933. Matarsa, Opeolu, ita ta riƙe gidan, har ɗalibai suka laƙaba mata Mama WASU. A nan baƙon da ya sauka jiya yake samun gado, da abincin gida, da wanda zai nuna masa gari.

Ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka ba ta ji daɗin ganin ɗalibai suna taruwa ba tare da idonta ba. A 1934 aka buɗe wani masauki mai suna Aggrey House da goyon bayanta. 'Yan WASU suka yi masa ca, suka ce tarko ne na sa ido a kansu. Tun daga nan aka ga hali biyu da hukuma ke nuna wa ɗalibi baƙo: tana son ya zo, domin tana son shugabannin gobe su sha ruwanta, amma ba ta amince masa ba. Kuma lallai shugabannin goben ne. Kwame Nkrumah ya riƙe mataimakin shugaban WASU. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a shekarar da ta biyo. Wannan Landan ɗin suka tarar, mai karrama mutum a lacca da safe, ta hana ɗan'uwansa ɗaki da yamma.

Bayan yaƙin duniya na biyu ɗalibai suka ƙaru, matsalar masauki ta tsananta. A 1951 mazauna masaukin Hans Crescent, wanda British Council ke gudanarwa, suka ƙi fita da aka ce su ba sababbin zuwa wuri, domin sun san abin da ke jiran su a waje. Sai a 1968 doka ta haramta nuna wariyar launin fata wajen ba da hayar gida da ɗaukar aiki, shekara 43 bayan kafa WASU, shekara 10 bayan rasuwar Solanke.

Yadda ilimi ya samu farashi biyu

Ƙofar gidan haya tana shirin buɗewa ke nan, sai aka fara gina wani shingen da ba ya ambaton launi. Har zuwa tsakiyar shekarun 1960, kuɗin makaranta ɗaya ne ga ɗan gida da baƙo. A ƙarshen 1966 ministan ilimi na gwamnatin Labour, Anthony Crosland, ya ba da sanarwar cewa daga 1967 baƙo zai biya fam 250 a shekara, alhali ɗan gida yana biyan kimanin fam 70. Ɗalibai da shugabannin jami'o'i da yawa sun yi adawa, amma aka zartar.

Gwamnatin Margaret Thatcher ce ta ƙarasa aikin. Daga 1980 aka janye tallafin gwamnati ɗungurungum, aka ce sabon ɗalibi baƙo ya biya cikakken abin da ake kashewa a kansa: aƙalla fam 2,000 ga fannin adabi da zamantakewa, 3,000 ga kimiyya, 5,000 ga likitanci. Hujjar gwamnati ita ce bai kamata mai biyan haraji a Birtaniya ya ɗauki nauyin 'ya'yan wasu ba. Ƙasashen da aka kwashi gyaɗarsu da kuzarsu da kokonsu shekara da shekaru ba su ga adalci a wannan magana ba. Malesiya, wadda ɗalibanta suka fi yawa a lokacin, ta fusata har firaministanta Mahathir Mohamad ya umarci hukumomi a 1981 su mai da kayan Birtaniya na ƙarshe a jerin abin da za su saya. Ɗan malamin makaranta da ɗan manomi suka fara ɓacewa daga ajujuwa, sai mai tallafin gwamnati ko ɗan mai hali.

Jami'o'in da suka yi kuka da farko ba su daɗe ba suka gano cewa sun samu saniyar tatsa. Kuɗin ɗan gida yana da iyaka da doka ta yanka. A Ingila ya tsaya a fam 9,250 daga 2017 har shekara takwas, duk da tsadar rayuwa. Na baƙo ba shi da iyaka, yakan ninka wancan sau biyu, sau uku, a likitanci ma fiye. Da rarar ake biyan malamai, ake bincike, ake gina ɗakunan gwaji. Shi ya sa jami'o'i suka baza dillalai a Legas da Abuja da Delhi da Beijin suna farautar ɗalibai.

Ana so, ana kora

Yayin da jami'a ke kiran ɗalibi, ɗan siyasa yana ƙirga shi cikin baƙin haure. A 2010 gwamnatin David Cameron ta yi alkawarin rage yawan masu shigowa zuwa ƙasa da 100,000 a shekara, kuma ɗalibai na cikin lissafin. Theresa May, ministar cikin gida, ta soke damar zama a yi aiki na shekara biyu bayan kammala karatu a 2012. A watan Agustan wannan shekara aka ƙwace lasisin Jami'ar London Metropolitan na ɗaukar baƙi, ɗalibai kimanin 2,000 da ba su yi laifin komai ba suka wayi gari suna neman wata makaranta ko su bar ƙasar.

Mafi muni ya zo a 2014. Shirin Panorama na BBC ya bankaɗo maguɗi a wasu cibiyoyin jarrabawar Turanci ta TOEIC. Maguɗin gaskiya ne. Amma kamfanin ETS na Amurka da ke shirya jarrabawar ya ce kashi 97 cikin ɗari na sakamakon duk na bogi ne ko abin zargi, ma'aikatar cikin gida kuma ta hau kai ta zauna. Aka soke bizar mutum sama da 30,000, galibinsu 'yan Indiya da Pakistan da Bangladesh. An kama wasu da asuba, an tsare su, an sa su a jirgi, akasarinsu ba tare da damar kare kansu a cikin ƙasar ba. Daga cikinsu akwai waɗanda tun yarinta da Turanci suka yi karatu, ba su da dalilin ɗaukar sojan haya. Dubbai sun yi nasara a kotu daga baya, kuma a 2019 ofishin mai binciken kuɗin gwamnati ya ce ma'aikatar ba ta yi abin da ya kamata ba don kare marasa laifi. Amma wa zai mayar wa mutum shekarun da ya yi ba karatu ba aiki, da sunan ɓarawon jarrabawa da ya bi shi har gaban iyayensa?

An daɗe ana cewa kusan ɗalibai 100,000 ne ke maƙalewa kowace shekara bayan bizarsu ta ƙare. Da aka duba ainihin bayanan fita a 2017, sai aka tarar kimanin 4,600 ne. An gina tsauraran dokoki a kan adadin da ba shi da tushe.

Guguwar ta ci gaba da juyawa. A 2021 aka dawo da damar zama bayan karatu, 'yan Najeriya suka yi tururuwa, wasu sun sayar da gida da fili. A Janairun 2024 aka hana mafi yawan masu digiri na biyu zuwa da iyalinsu, kuma 'yan Najeriya ne suka fi kowa zuwa da iyali. Harajin lafiya da aka fara karɓa a 2015 a kan fam 150 ya kai 776 a shekara. Ɗalibi ba ya aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu, ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati, kuma jami'ar da ya kamata ta zama uwa gare shi doka ta ɗora mata aikin kai rahotonsa. Wannan ita ce igiyar da ta shaƙe ɗaliban Teesside.

Mu 'yan Najeriya ma muna da namu kason laifin. Yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a Najeriya a 2022 ya kori yara da yawa waje, kuma an sha jin gwamnatoci sun tura ɗalibai sun manta da kuɗinsu. Duk da haka, laifin gida ba ya wanke mai masauki. Mu da aka rene mu a kan cewa baƙonka annabinka, mun san wanda ka gayyata, ka karɓi kuɗinsa, yana da haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci.

Tarihin nan ya nuna abu guda a fili. Masaukin titin Camden bai zo daga tausayin hukuma ba. Waɗanda aka yi wa ƙazafin TOEIC sun wanke sunansu ne da suka haɗa kai suka jure zaman kotu. Na Teesside ma sai da suka fito tare aka ji su. Uban da ke shirin sayar da gona don tura ɗansa, bayan ya tambayi kuɗin makaranta da na biza, ya ƙara tambaya ɗaya: idan rana ta ɓaci a can, su wa za su tsaya tare da yaron nan?