Gardamar da Aka Yi a Faris a 1948

A duk lokacin da gardama ta kaure tsakanin 'yan boko a kan haƙƙin ɗan'adam, ko a zaure ko a intanet, akan raba fage gida biyu. Wasu su ce ai wannan batu Turawa marasa addini ne suka zauna suka tsara shi don su rushe imanin jama'a. Wasu kuma, musamman masu aƙidar ɗan'adamtaka, watau masu cewa hankalin mutum kaɗai ya isa ya nuna masa kyakkyawa da mummuna ba sai da wahayi ba, su ce haƙƙin ɗan'adam nasara ce da hankali ya ci a kan addini. Ni dai a ganina dukkansu sun yi wa tarihi karatun tsallake. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in kai mai karatu zauren da aka rubuta takardar da ake ta da jijiyar wuya a kanta, watau Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mu ga su wa suka yi gardamar, kuma wane ne ya tsaya a ina.

A 1946, toka ba ta gama hucewa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba, Majalisar ta kafa hukuma mai wakilan ƙasashe 18, ta ɗora mata rubuta wannan takarda. Shugabar hukumar ita ce Uwargida Eleanor Roosevelt, matar marigayi shugaban Amurka. Wani lauya ɗan Kanada, John Humphrey, shi ya yi daftarin farko, René Cassin na Faransa ya sake masa fasali. Amma waɗanda suka fi kowa zafin kai a kan tushen al'amarin mutum biyu ne, kuma ba Bature ko ɗaya a cikinsu. Akwai Charles Malik na Labanan, Balarabe Kirista, malamin falsafa mai riƙo da addininsa. Akwai kuma Peng-chun Chang na ƙasar Sin, masanin koyarwar Konfushiyas, wanda ya taɓa zama jakadan ƙasarsa a Turkiyya. Tun a zaman shan shayi da aka yi a gidan Uwargida Roosevelt a farkon 1947 suka fara karawa, har Chang ya ba Humphrey shawarar ya ajiye alƙalami ya shafe 'yan watanni yana nazarin Konfushiyas tukuna.

A wannan shekarar ce kuma hukumar UNESCO, wadda Julian Huxley ke shugabanta, shi kuwa gogan 'yan ɗan'adamtaka ne, ta aika wa masana na sassan duniya tambayoyi a kan inda haƙƙi ya samo asali. Mahatma Gandhi ya amsa da cewa shi daga mahaifiyarsa, wadda ba ta yi karatu ba, ya koyi cewa haƙƙi yana biyo bayan sauke nauyi ne. Jacques Maritain, masanin falsafa ɗan ɗarikar Katolika, ya kawo labarin wani da ya yi mamakin yadda masu aƙidu mabambanta suka amince da jerin haƙƙoƙi guda, sai aka ce masa an amince ne bisa sharaɗin kada kowa ya tambayi dalili. Mai karatu ya riƙe wannan magana, domin ita ce mabuɗin abin da ya faru a Faris.

Daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba 1948 aka baje daftarin a gaban Kwamiti na Uku na Babban Zauren Majalisar, a birnin Faris, Malik na kujerar shugabanci. Sai da aka yi zama 81, aka duba gyare-gyare 168. Tun a sashe na 1 aka ci karo. Wakilin Birazil, Austregésilo de Athayde, ya nemi a rubuta cewa Allah ne ya halicci mutane bisa kamanninsa, daga nan darajarsu ta fito. Daftarin kuwa cewa ya yi ɗabi'a ce ta ba mutum hankali da lamiri, kalmar da masu addini suka ga tana ƙamshin masu musun Mahalicci. Sai Chang ya miƙe ya tuna wa zauren cewa mutanen ƙasarsa kaso ne mai tsoka na 'yan'adam, kuma suna da nasu tarbiyya da ladubba waɗanda ba su nemi a cusa su cikin takardar ba. Saboda haka ya roƙi kowa ya yi irin wannan kawaici, kada a kai ga kaɗa ƙuri'a a kan Allah. Aka share kalmar ɗabi'a, Birazil ta janye nata. Holan ma ta kawo irin wannan gyara a gabatarwar takardar, ita ma ta janye. Uwargida Roosevelt ta faɗa daga baya cewa ita kanta ta yi imani daga Mahalicci daraja take, amma ta yarda a bar wurin a buɗe don kowa ya cike da abin da ya gaskata.

To, wannan ba nasarar kowa ba ce. An cire sunan Allah, an kuma cire abin da aka so a sa a madadinsa. Ashe ke nan ɗan ɗan'adamtakar da ke da'awar takardar tasu ce, gadon da ba a bar masa ba yake ci.

Gardama mafi zafi ita ce ta sashe na 18, wanda ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini, har da 'yancin sauya addini. Malik ne ya dage a sa wannan jimla ta ƙarshe, hujjarsa kuwa ita ce Labanan ta daɗe tana zama mafakar mutanen da aka tsananta wa saboda sun sauya addini. Wanda ya fi kowa yaƙar jimlar shi ne wakilin Saudiyya, Jamil Barudi. Abin da kan ba ɗalibai mamaki idan sun ji shi ne, Barudi shi ma haifaffen Labanan ne, kuma daga gidan Kirista ya fito. Ya kafa hujja da tarihin 'yan mishan, ya ce sau da yawa su ne 'yan share fagen mamayar siyasa, ya kuma zargi marubutan daftarin da auna duniya duka da mudun Turai. Mu da muka san yadda ciniki da mishan da bindiga suka riƙa bin sawun juna a Afirka ba za mu ce maganarsa shirme ce ba. Duk da haka kwamitin ya ƙi amincewa da buƙatarsa ta share jimlar.

Amsa mafi nauyi kuwa daga ƙasar Musulmi ta fito. A zaman ƙarshe, Ministan Harkokin Wajen Pakistan, Muhammad Zafarullah Khan, ya goyi bayan sashen baki ɗaya. Ya kafa hujja da Alƙur'ani, da ayar nan ta Suratul Kahfi wadda ta bar imani da kafirci ga zaɓin mutum, ya ce Musulunci addini ne mai kira, yana neman ya shawo kan mutane su bar abin da suke kai su zo gare shi, don haka ba zai hana wa wasu ƙofar da shi kansa yake shigo da mutane ta cikinta ba. Ya yarda cewa aikin wasu 'yan mishan ya sha rikiɗa ya koma siyasa, amma ya ga hana 'yancin ya fi wannan haɗari. Wakilin Masar ya nuna damuwa a kan wannan sashe da na aure, sa'an nan ya kaɗa ƙuri'ar amincewa. Malamanmu na fiƙihu suna da doguwar magana a kan hukuncin ridda, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da tarihi ya nuna kawai shi ne ƙasashen Musulmi ba su yi magana da murya ɗaya ba a ranar.

A kan sashe na 19, watau 'yancin faɗar albarkacin baki, masu neman a sa takunkumi ba malaman addini ba ne sam. Tarayyar Sobiyet ce, gwamnatin da ta ɗauki rashin addini aƙida, ta yi ta kawo gyara don a hana 'yan fasist da masu hura wutar ƙiyayya wannan 'yanci. Bayan abin da Hitila ya aikata, buƙatar tana da daɗin ji. Sauran wakilai suka ƙi, don sun san a bakin Stalin duk mai suka ɗan fasist ne. Wannan tambaya, watau wa zai riƙe almakashin, ita ce har yau ba a amsa ba a duk inda aka ce a hukunta magana.

Daren 10 ga Disamba 1948 aka kaɗa ƙuri'a a fadar Chaillot. Ƙasashe 48 suka amince, babu wadda ta ƙi, 8 suka ƙaurace: Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta biyar, da Afirka ta Kudu wadda a shekarar ce masu wariyar launin fata suka hau mulkinta, sai Saudiyya. Afganistan da Iran da Iraƙi da Masar da Pakistan da Siriya da Turkiyya duk sun amince. Sai dai akwai gaskiya guda a bakin masu cewa ba da mu aka yi ba. Daga cikin ƙasashe 58 na Majalisar, huɗu kacal ne na Afirka: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Ingila da Faransa sun sa hannu a kan 'yancin kowa alhali suna riƙe da Kano da Damagaram.

Abin da ya biyo baya ya nuna maganar ba ta takarda ce kurum ba. Zafarullah Khan ɗan Ahmadiyya ne. A 1953 tarzoma ta ɓarke a Lahor, cikin buƙatun masu ita har da a tsige shi, sai da aka sa dokar soja a birnin; a 1974 kuma majalisar Pakistan ta gyara tsarin mulki ta ayyana 'yan Ahmadiyya a matsayin waɗanda ba Musulmi ba. Barudi kuwa ya zauna a Majalisar har rasuwarsa a 1979, bai saki wannan gardama ba. Da aka zo mayar da sanarwar yarjejeniya mai ƙarfin doka a 1966, an sassauta lafazin, kalmar sauyawa ta fita, aka ce mutum yana da 'yancin ya riƙi ko ya ɗauki addinin da ya zaɓa. A cikin yarjejeniyar kuma aka sa sashe na 20, wanda ya wajabta wa ƙasashe su haramta kiran ƙiyayyar addini ko ta ƙabila idan ya kai ga tunzura jama'a, watau wani yanki na abin da Sobiyet ta nema ta rasa a Faris. Amurka ba ta shiga yarjejeniyar ba sai 1992, kuma ta gindaya sharaɗi a kan wannan sashe.

Mu nan Nijeriya ta wata hanya jimlar Malik ta iso mu. Hukumar Willink, wadda Ingila ta kafa a 1957 don ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara a 1958 cewa a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam cikin tsarin mulki maimakon a ƙirƙiro sababbin jihohi. Aka kwaikwayo lafazin daga Yarjejeniyar Turai ta 1950, wadda ita kuma daga sanarwar Faris ta sha nono. Shugabannin Arewa da na Kudu suka karɓa, ya shiga tsarin mulkin 1960. A tsarin mulkin 1999 'yancin addini, har da na sauya shi, yana sashe na 38, na faɗar albarkacin baki kuma yana sashe na 39.