Gidan Waƙa na Sidni da Tarihin Adana Bayanan Gini

A zangon karatun da ya wuce, bututun ruwa ya fashe a ɗakin kwananmu, ruwa ya kwana biyu yana malala a baranda. Ma'aikata sun zo tun da sassafe, amma an rasa wanda ya san inda makullin ruwan yake. Tsohon mai gyaran famfon da ya sani ya yi ritaya, taswirar da aka zaƙulo daga ofis kuwa ta nuna yadda aka yi niyyar gina wurin ne, ba yadda aka gina shi ba. Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin yadda wasu ke adana bayanan gine-ginensu, har na ci karo da labarin gidan waƙa na birnin Sidni a ƙasar Ostareliya.

A 1957 ne wani mai zanen gini ɗan ƙasar Danmak, Jorn Utzon, ya ci gasar zana wannan gida. Aka fara aiki a 1959, tun ba a gama sanin yadda za a ɗora rufinsa mai kama da filafilan jirgin ruwa ba. Injiniyoyin kamfanin Ove Arup sun sha fama da lissafin rufin, har suka nemi taimakon kwamfuta, abin da ba a saba ba a lokacin. A 1966 Utzon ya saɓa da gwamnatin jihar a kan kuɗi, ya ajiye aikin, ya bar ƙasar, bai kuwa sake taka ta ba har ya rasu a 2008. Wasu masu zane, a ƙarƙashin Peter Hall, suka ƙarasa cikin ginin bisa nasu tsarin. Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi ran 20 ga Oktoba 1973, bayan ya ci dalar Ostareliya miliyan 102, alhali miliyan 7 aka ƙiyasta.

To, mai karatu ya dubi abin da aka bar wa masu kula da gidan. Ga ɗakuna wajen 1,000, ga tayil fiye da miliyan ɗaya a kan rufi, ga injunan dandamali da na sanyaya iska da wayoyin lantarki. Sa'an nan ga zane na hannu biyu, wanda ya fara daban, wanda ya ƙarasa daban. Kowane gyara da aka yi daga baya ya ƙara nisa tsakanin takarda da bango. Bayanan kayan ma ba wuri ɗaya suke ba, kowane sashe da nasa kundin.

Dabarar da aka zo aka gwada tsohuwa ce a tunani, amma ta daɗe ba ta nuna ba. Tun a 1975 wani malamin jami'a a Amurka, Charles Eastman, ya kawo shawarar a siffanta gini a cikin kwamfuta maimakon zana shi a takarda. Watau kowace ƙofa da kowane bututu su zama abu mai suna da girma da mazauni, ba layi kurum ba. Ita ce daga baya aka taƙaita sunanta BIM. Masu zane da 'yan kwangila ne suka fara cin moriyarta, domin tana nuna musu inda bututu zai ci karo da ginshiƙi tun ba a zuba kankare ba. Masu kula da gini, waɗanda za su rayu da shi shekaru aru-aru, an manta da su.

A nan ne gidan Sidni ya shiga tarihi a karo na biyu. An yi wani bincike a kansa, wanda rahotonsa ya fito a 2007, inda aka siffanta wani sashen ginin a kwamfuta, aka ɗaura masa bayanan kula da kaya. Manufar ita ce, in ma'aikaci ya taɓa wani inji a allo, ya ga ɗakin da yake, da halin da yake ciki, da lokacin da za a duba shi. A shekarar ce kuma rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta fito da tsarin COBie, wanda jadawali ne da ɗan kwangila zai cika kafin ya miƙa gini: kayan da ya sa, da masu ƙera su, da garantinsu, da kayan gyaransu. A 2011 gwamnatin Ingila ta ba da wa'adin 2016 ga masu karɓar kwangilolinta su koma aiki da wannan hanya.

Ni dai a ganina, siffanta ginin shi ne mai sauƙi, don sau ɗaya ake biyan kuɗinsa. Mai wuyar shi ne a sami wanda zai koma ya rubuta duk ranar da aka sauya famfo ko aka toshe wata ƙofa, in ba haka ba siffar kwamfutar ta koma irin taswirar ofishinmu. Su ma hukumomin gidan Sidni sai da suka nemi Utzon a 1999 ya rubuta musu ƙa'idojin zanensa, don kada abin da ke kansa ya tafi da shi. Mu kuwa, tsohon mai gyaran famfon aka ɗauko daga gida a kan babur, ya nuna makullin a ƙarƙashin wani siminti bayan banɗaki. Na tambaya ko an rubuta wurin, aka ce mini ai yanzu kowa ya gani.