Daga Ƙafa Babu Takalmi Zuwa Lambar Zinare

A shekarar 1949 ne tawagar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta fara ƙetare teku zuwa Ingila. Yawancin 'yan wasan ba su sanya takalmi ba, amma suka lallasa ƙungiyar Marine da ci 5 da 2. Sai da aka shekara 31 kafin kofin Afirka ya zo hannu a Legas, cikin 1980. A 1996 kuwa aka doke Ajantina a Amurka, aka ɗauko zinaren Olamfik, da 'yan Kaduna a cikin tawagar, irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal. Har yau yaran Zauro da Argungu na murza ƙwallo babu takalmi a bakin fadama. Hakkinsu ne a share musu hanyar da ta kai waɗancan ga rigar ƙasa.