Wayar ɗalibi a New York: hani, sassauci, sai kuma hani

Tun kafin wayar salula ta zama abin kowa, makarantun gwamnati na birnin New York suka fara rigima da na'urar da ɗalibi ke ɓoyewa a aljihu. A 1988 hukumar ilimin birnin ta haramta shiga makaranta da 'yar na'urar nan mai ƙara da nuna lambar wanda ke neman mutum, domin a wancan zamani dillalan ƙwaya ne suka fi shahara da ita. Da wayar hannu ta zo, sai aka cusa ta ƙarƙashin tsohuwar dokar, amma malamai da yawa suka riƙa kau da kai. Bayan harbe-harben makarantar Columbine a 1999, da harin 11 ga Satumba na 2001, iyaye da kansu ne ke saya wa yara waya, suna cewa a bar ta a kunne.

Magajin gari Michael Bloomberg ne ya farfaɗo da dokar. A 2006 aka fara kai na'urorin gano ƙarfe makarantu ba tare da sanarwa ba, da niyyar kama makamai, sai ga shi wayoyi ake ta tarawa. Bloomberg ya kafe cewa waya na raba hankalin yara kuma tana taimaka wa satar amsa. Iyaye suka garzaya kotu, suka sha kaye. Majalisar birnin ta yi dokar da ta ba yaro damar riƙe waya a hanyar zuwa da ta komowa, amma hanin shiga da ita cikin gini bai motsa ba.

To, yaro ya zo bakin ƙofa da waya bisa halal, shiga da ita kuma haram: ina zai kai ta? Amsar wannan tambaya ce ta kashe dokar. A yawancin makarantu babu mai lalube, sai ɗalibi ya kashe sauti ya tura ta ƙasan jaka, malami ya yi kamar bai sani ba. Amma a gine-ginen da aka girke na'urar gano ƙarfe dindindin, waɗanda akasarinsu ke unguwannin talakawa, baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, babu wannan dabara. Sai sana'a ta ɓullo. Manyan motoci suka riƙa fakawa kusa da makarantu, ɗalibi ya miƙa waya da dala ɗaya, a ba shi shaida, ya karɓa bayan an tashi, kamar yadda ake yi da mai ajiyar babur a bakin kasuwa. Masu ƙananan kantuna ma suka shiga cinikin. A shekara kuɗin kan kai dala 180, kuma wanda ya fi kowa rashi shi ne mai biya. Doka ɗaya ce a takarda, amma ɗan mai hali bai taɓa jin nauyinta ba.

Bill de Blasio ya yi alkawarin soke ta tun yana neman kujerar magajin gari, har ya amsa cewa ɗansa na zuwa makaranta da waya. A watan Maris na 2015 ya cika alkawari, aka bar wa kowane shugaban makaranta ya tsara nasa tare da malamai da iyaye. A ganina ya yi daidai da ya kawar da zaluncin, sai dai bai lura da cewa abin da ya buɗe wa ƙofa ya riga ya sauya kama ba. Wayar 2006 kira da saƙo take yi. Ta 2015 tana ɗauke da Instagram da Snapchat, ba da jimawa ba kuma TikTok ya biyo baya. A wannan shekarar ce ma masana biyu, Beland da Murphy, suka fitar da bincike kan makarantun wasu biranen Ingila, inda suka ga sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan hana waya, musamman ga yaran da ke baya a karatu.

Daga nan iska ta juya. Faransa ta yi dokarta a 2018, UNESCO ta yi gargaɗi a 2023, jihar Florida ta hana waya a aji a wannan shekarar. Malaman da suka fito daga zaman kullen korona suka gaji da gasa da allon waya. A 2025 gwamnar jihar New York, Kathy Hochul, ta shigar da hanin cikin kasafin kuɗi, ya fara aiki a Satumba a duk faɗin jihar, daga ƙararrawar shiga zuwa ta tashi, har da lokacin cin abinci.

Masu ja ba su rasa hujja ba. Wani binciken Jami'ar Birmingham da ya fito farkon 2025 bai ga bambancin a-zo-a-gani ba wajen kwanciyar hankalin yara tsakanin makarantu masu hani da marasa shi, domin yaran na rama abin da suka rasa idan sun koma gida.

Duk da haka sabuwar dokar ta nuna an tuna da zamanin motocin ajiya. Jihar ta ware dala miliyan 13.5 don sayen akwatuna da jakunkuna masu kulle, ta yadda ajiya ta koma wuyan makaranta. 'Yar ƙaramar waya marar intanet, irin wadda Bloomberg ya yi ta farauta, yanzu an yarda da ita. Dole makaranta ta tanadar wa iyaye hanyar samun ɗansu, an yi rangwame ga mai larurar lafiya da mai buƙatar fassara, ba a dakatar da yaro don laifin waya kaɗai, kuma duk shekara sai hukumomin makarantu sun wallafa rahoton da zai nuna ko hukunci ya fi faɗa wa wani rukunin ɗalibai fiye da wani.