Tarkon da ya iya ƙirga

A shekarar 1873 wani masanin aikin gaɓoɓin jiki a Landan, John Burdon-Sanderson, ya jona na'urar auna lantarki da ganyen wani tsiro mai cin ƙwari, wanda asalinsa fadamun Karolina ne a Amurka. Charles Darwin ne ya ja hankalinsa ga tsiron. Da aka taɓa ɗaya daga cikin siraran gashin da ke cikin ganyen, sai na'urar ta nuna giftawar lantarki, irin wadda ake gani a tsokar dabba.

Abin da ya gagari bayani shi ne, taɓawa ɗaya ba ta rufe tarkon. Sai an ƙara ta biyu cikin kusan daƙiƙa 30. Hikimar a fili take, domin tarkon da ke rufewa kan kowane ɗigon ruwan sama ɓata ƙarfinsa kawai zai yi. To amma ina tsiron da ba shi da ƙwaƙwalwa yake ajiye taɓawar farko?

Daga baya masana suka soma zargin sinadarin kalsiyam, wanda tun 1883 Sydney Ringer ya nuna cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa in babu shi. Sai dai zargi daban, gani da ido daban, kuma ba a da hanyar leƙa cikin ƙwayar halittar tsiro yana raye.

Mafita, abin mamaki, daga teku ta fito. A 1962 Osamu Shimomura ya tace wani furotin daga jikin wata halittar ruwa mai ƙyalli, furotin da ke ba da haske idan ya haɗu da kalsiyam. A 1991 Marc Knight da Anthony Trewavas da abokan aikinsu a Edinbara suka sa tsiron taba ya riƙa samar da shi. Da aka taɓa tsiron, ko aka buga masa sanyi, sai ya haska nan take. A ganina nan ne tarihin ya juya.

Shi kuwa tarkon sai a 2020 ya tona asirinsa, a hannun ayarin Mitsuyasu Hasebe a Japan, da wani furotin mai koren haske. Taɓawar farko tana ɗaga kalsiyam a ƙwayoyin ganyen, amma bai kai mizani ba, sannan ya riƙa sauka sannu a hankali. In ta biyu ta zo kafin ya sauka sosai, sai su haɗu su haye mizanin, ganyen ya rufe. In ta makara, ƙudan ya tsira.