Nano: Manhajar da Rikicin Lasisi Ya Haifa

Duk wanda ya taɓa buɗe baƙin allon umarni na Linux don gyara layi guda a cikin fayil, da wuya bai gamu da nano ba. Alamarta ita ce layuka biyu a ƙasan allo, inda aka jera abin da mutum zai danna: Ctrl da O don adanawa, Ctrl da X don fita. Abin kamar ba komai ba, amma wanda ya taɓa maƙalewa a cikin vi, manhajar da Bill Joy ya rubuta a 1976, ya rasa ko hanyar fita, shi ya san darajar waɗannan layuka.

Sai dai ba nano ce ta ƙirƙiro su ba. Ta gaje su ne daga Pico, wadda Jami'ar Washington da ke Seattle ta samar don rubuta saƙo a cikin Pine, manhajar imel da ta bazu a farkon shekarun 1990. An yi Pine ne domin ma'aikatan jami'a da ɗalibai, mutanen da aika wasiƙa ce ta kawo su gaban kwamfuta, ba haddar umarni ba. Nan sauƙin ya samo asali.

Pico ba ta gaza a aiki ba. Lasisinta ne ya zama ƙarfen ƙafa. Jami'ar ta bar kowa ya duba yadda aka rubuta ta, amma ba ta sake wa mutane mara su rarraba kwafin da suka gyara ba. Ga masu haɗa Debian, waɗanda sharaɗinsu shi ne 'yancin gyarawa da rarrabawa, wannan ya isa dalilin ajiye ta gefe. A 1999 Chris Allegretta ya rubuta makamanciyarta daga tushe, ƙarƙashin lasisin GPL, ya kira ta TIP. Da yake Unix na da wata tsohuwar manhaja mai suna tip, a Janairun 2000 ya sauya sunan zuwa nano. Akwai tsokana a ciki: a ma'aunin kimiyya, nano ya ninka pico sau 1,000. A 2001 ta shiga cikin manhajojin GNU.

Jami'ar ta sassauta daga baya. A 2007 ta fitar da Alpine, magajiyar Pine, haɗe da Pico, ƙarƙashin lasisin Apache. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin nano ta zauna daram a Debian da Ubuntu. Fedora ma, wadda ta daɗe tana riƙe da vi, ta koma wa nano a fitowarta ta 33 a 2020.