Duwatsun Zuru a Matsayin Shaidar Tarihi

Duk wanda ya ziyarci Badagry, a gaɓar tekun Legas, za a nuna masa sarƙoƙin bayi da hanyar da aka bi da su zuwa jiragen Turawa. Mutanen garin sun adana kayan, har suka zama abin kallo. A ƙasar Zuru ma akwai shaidar bauta, sai dai ba a cika karanta ta ba.

Maziyarci yakan tsaya a Girmace ya ga tafki da kadoji, ko ya halarci bikin Uhola, ya yaba kyan duwatsu, ya juya. Alhali kuwa ba don sha'awar iska Dakarkari, watau Lelna, suka zauna a kan duwatsun nan ba. Tsaro suka nema, musamman bayan da Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora wajen 1864, hare-haren neman bayi suka tsananta. Sai bayan Turawa sun ci Kwantagora a 1901 jama'a suka riƙa saukowa fili sannu a hankali. Saboda haka kufan da ke bisa dutse shi ne littafin wannan zamani.

Abin takaici, shafukansa suna yagewa. Gumakan yumɓu da mata ke ginawa a ɗora kan kaburburan manyan mutane, da yawansu sun koma hannun dillalan kayan tarihi a Turai. Gunkin da aka raba da kabarinsa kuwa, ko an dawo da shi, da wuya a san na wane ne.